Zuwa da Kai ko Aike: Hanyoyi Biyu na Auna Lafiyar Manhaja

A watan azumi, manhajar da mutanenmu ke amfani da ita takan bi numfashinsu. Da la'asar sakaliya cunkoso kan kai maƙura, kowa na sauri ya kammala abin da ke gabansa. Ana kiran magariba sai layin da ke kan allon sa-ido ya faɗo ƙasa, ya kwanta a kan sifili ko dab da shi, domin hannun da zai latsa waya yana riƙe da kofin kunu. Sai an idar da asham yake sake miƙewa. A wani ƙaramin kamfani da na taɓa yi wa aiki, mun saba da wannan kwari har muka raɗa masa suna "ramin shan ruwa", kuma ba wanda ke ɗaga kai idan ya zo.

Wata rana ya zo a kan lokacinsa, amma ya ƙi cikewa. Wajen ƙarfe tara da rabi, ƙaramin cikinmu da ke tsaron dare ya kira ni a waya.

"Oga, ramin nan na yau fa bai yi mini ba. An sauko daga asham tun ɗazu, shi kuwa yana nan kwance."

"Akwai wani abu a allon kurakurai?"

"Babu ko ɗaya. Shi ma sifili ne."

Ashe manhajar ta mace tun ana saura 'yan mintuna a sha ruwa. Allon bai yi mana ƙarya ba: babu tambayar da aka amsa, babu kuma kuskuren da aka yi. Abin da ya kasa nuna mana shi ne bambancin shagon da babu ciniki da shagon da ke garƙame da kwaɗo.

Kowace manhajar intanet tana da ƙofar da wayoyi da kwamfutoci ke ƙwanƙwasawa su yi tambaya: ba ni jerin kayan shagon nan, nawa ya rage a asusuna, ina kayan da na yi oda suka tsaya. Bayan ƙofar akwai saba, bayan sabar akwai rumbun bayanai, amma shi mai waya ƙofar kaɗai ya sani, kuma da ita yake yanke wa kamfani hukunci. Abin da ake son sani game da ita bai taka kara ya karya ba. Littafin da injiniyoyin Google suka fitar a 2016 kan yadda suke kula da na'urorinsu ya lissafa abu huɗu: yawan tambayoyin da ke shigowa, nawa daga ciki ke ƙarewa da kuskure, tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa, da kuma yadda saba ta kusa cika maƙil. Injiniya Tom Wilkie ya yi suna da tsarin da ya ɗauki ukun farko kaɗai, kuma ga mai tsaron ƙofar tambaya sun kusa isa. A kan wannan babu gardama. Inda ake sa-in-sa shi ne yadda alƙaluman za su tashi daga cikin manhaja su isa allon da mutum ke kallo. Manhajar ce za ta aiko da su, ko kuwa wani ne zai taka ya je ya karɓo?

Duk wanda ya taɓa zubin adashe ya san hanyoyin nan biyu. Akwai uwar adashen da ke zaune a gida, kowa ya aiko yaro da zubinsa. Akwai kuma mai ɗan littafi da ke bin kasuwa rumfa-rumfa kowace yamma. A duniyar manhaja, StatsD ce uwar adashen da ke jiran aike, Prometheus kuwa shi ne mai zagayawa.

StatsD ta fito ne daga Etsy, kamfanin Amurka da ke haɗa masu sana'ar hannu da masu saye, a farkon 2011, kuma sun aro dabarar ce daga wani aiki da Cal Henderson ya yi a Flickr shekaru kaɗan kafin nan. Ƙaramar manhaja ce da aka rubuta da Node.js, wadda ke zaune tana sauraro a tasha mai lamba 8125. Duk lokacin da manhajarka ta amsa tambaya, sai ta wurga mata ɗan gajeren layi, misali tambaya.kaya:1|c, wato "ƙara ɗaya a ƙidayar masu tambayar kaya", ko tambaya.jinkiri:320|ms, wato "wannan ta ci milisakan 320". StatsD takan tara abin da ya zo, duk bayan sakan 10 ta haɗa lissafi ta miƙa wa ma'ajiya. A Etsy a lokacin ma'ajiyar ita ce Graphite, wadda Chris Davis ya rubuta a kamfanin Orbitz a 2006, aka sake ta ga kowa a 2008.

Kyan wannan tsari yana cikin sauƙinsa, kuma ba na raina sauƙin. Layi ɗaya mai rubuta manhaja zai ƙara, kafin ya gama shan shayinsa sabon zane ya bayyana a allo, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Saƙon yana tafiya ne ta UDP, hanyar aike da ba ta jiran a ce mata "ya iso". Manhaja ta wurga ta wuce, ko StatsD tana raye ko ta mutu ba ruwanta, don haka awon ba zai taɓa tsayar da ciniki ba. Mutanen Etsy suna da dalilinsu na zaɓar haka. Shafinsu da PHP aka gina shi, shi kuwa PHP ɗabi'arsa ce ya fara kowace tambaya daga farko, yana gama amsawa ya manta komai. Wanda ba shi da aljihun ajiye ƙidaya, ai dole ya miƙa wa wani nan take. Idan kuma saƙonnin suka yi yawa, ana iya ce wa manhaja ta aika ɗaya cikin goma kawai, ta maƙala @0.1 a ƙarshen layin, StatsD ta ninka da kanta.

Prometheus ya biyo baya da shekara guda. A 2012 Matt Proud da Julius Volz, dukansu tsofaffin ma'aikatan Google, suka fara gina shi a SoundCloud da ke birnin Berlin na Jamus, suna kwaikwayon Borgmon, tsarin sa-idon da suka baro a Google. An sanar da shi ga duniya a farkon 2015, ya shiga gidauniyar CNCF a 2016 a matsayin aiki na biyu bayan Kubernetes, manhajar da ke rarraba ayyuka a kan sabobi. A nan manhajarka ba ta aika komai. Tana riƙe da ƙidayarta a cikinta, ta buɗe wani shafi na musamman, galibi mai suna /metrics, inda aka jera alƙaluman a rubuce. Prometheus ne zai riƙa zuwa a kai a kai ya kwafe shafin; mutane da yawa kan sa shi ya zo duk sakan 15.

Ƙidayar da manhaja ke riƙewa irin ta tsohuwar mitar wuta ce, wadda ma'aikaci ke zuwa ya karanta. Ba ta komawa sifili don an karanta ta, gaba kawai take yi. Idan mai karatu ya ga 5,000 yanzu, ya dawo ya ga 5,300, ya san an yi 300 a tsakani. Idan ruwan sama ya hana shi zuwa sau ɗaya, bai yi asarar komai ba, domin zuwansa na gaba zai tarar da jimillar tana jiransa. Ko da an sake kunna manhajar ƙidayar ta koma sifili, Prometheus yana gane faɗuwar ya gyara lissafinsa. A gefen StatsD kuwa, saƙon da ya ɓace a hanya ya ɓace ke nan, kuma babu wanda zai san ya taɓa wanzuwa. Abin takaicin ma, lokacin da saƙonni suka fi zubewa shi ne lokacin da saba ta cika ta batse, wato daidai sa'ar da ka fi bukatar gaskiya. Allo zai nuna maka ciniki ya ɗan ja baya, alhali yaran aike ne suka yi yawa a bakin ƙofa wasu suka juya. Akwai kuma maganar nauyi: manhajar da ke amsa tambaya 2,000 a sakan, tana auna abu uku a kowace, za ta wurga saƙo 6,000 a sakan muddin ba a dunƙule su ba. Shafin /metrics kuwa girmansa ɗaya ne, ko ciniki ya cika ko ya kwanta.

Amma mu da ke amfani da StatsD, ba wannan ne ya cinye mu a wancan daren ba. Abin da ya cinye mu shi ne shiru. StatsD, yadda take zuwa daga masu ita, idan ba ta ji komai daga wani abin ƙidaya ba a cikin sakan goman nan, sai ta aika wa ma'ajiya sifili. Idan kuma awon irin na "nawa ke kan layi yanzu" ne, sai ta maimaita adadin ƙarshe da ta ji. Ka ga ke nan manhaja tana iya mutuwa, allo ya ci gaba da nuna mutum bakwai a kan layi har gari ya waye, tamkar agogon da batirinsa ya ƙare. Ana iya sauya wannan ɗabi'a a ce mata ta yi shiru ita ma, to amma sai a samu giɓi a zane, shi kuwa giɓi ba ya buga wa kowa waya sai an tanadi wanda zai lura da shi.

Prometheus, a duk zuwan da ya yi, yakan rubuta wani awo nasa na kansa mai suna up. Idan ya ƙwanƙwasa aka buɗe, ya rubuta 1. Idan ba a buɗe ba, ya rubuta 0. Wannan ɗan abu, wanda ba sai ka roƙa ba, shi ne ya fi komai daraja a wurina cikin tsarin gaba ɗaya. Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi aike, kuma da yana nan a daren, da wayata ta yi ƙara kafin in kai dabino baki.

Sai dai idan aka tona, ba takawar ce kaɗai ta ba shi wannan fifiko ba. Littafin da ke hannunsa ne. Mai zagayawa ba zai fita ba sai yana da jerin rumfunan da zai bi, don haka ya san wanda ya kamata ya tarar. Prometheus yakan sami jerin daga fayil da ka rubuta masa, ko ya tambayi Kubernetes ko kamfanin da ka yi hayar sabobi a wurinsa. Ita uwar adashen da ke gida ba ta da jeri. Duk wanda ya aiko ta karɓa. Wannan daɗi ne ranar da ka kunna sabuwar saba, domin ba sai ka yi mata rajista ba, tana fara aiki alƙalumanta za su fara zuwa. Ranar da ta mutu ne za ka biya kuɗin daɗin. Ana iya rufe wannan ɓaraka ta hanyar sa kowace saba ta riƙa aiko da "ina nan" duk bayan ɗan lokaci, a kuma ɗaura ƙararrawa a kan rashin zuwansa. Yana aiki. Amma wanda ya yi haka ya zauna ne ya rubuta littafin mai zagayawa da hannunsa, kuma sai ya tuna ya sabunta shi kullum.

Kada dai a kai up inda bai kai ba. Yana shaida cewa an buɗe ƙofa ne kawai. Manhaja na iya amsa /metrics cikin fara'a alhali igiyarta da rumbun bayanai ta tsinke, kowane mai tambaya yana komawa hannu rabbana.

Wuri na biyu da hanyoyin suka rabu shi ne awon jinkiri, kuma a nan ne na fi ganin masu ilimi suna faɗawa rami. Abin da hankali ya fi saurin kamawa shi ne matsakaici: a tara lokutan duka a raba da yawansu. A ce tambaya 100 suka shigo, 99 aka amsa su cikin milisakan 50 kowace, ɗaya ta ci sakan 10 cur. Matsakaicin zai ba ka kusan milisakan 150, adadin da babu ko mutum ɗaya cikin ɗarin da ya ɗanɗana shi. Masu sauri an yi musu ƙazafin jinkiri, wanda ya sha wuya kuma an binne kukansa. Wani zai ce ai mutum ɗaya ne cikin ɗari. Jeffrey Dean da Luiz André Barroso na Google sun nuna a wata maƙala ta 2013 dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne: idan kowace saba tana jinkiri sau ɗaya cikin ɗari, shafi guda kuma sai ya jira amsa daga sabobi 100 kafin ya buɗe, to kashi 63 cikin ɗari na masu buɗe shafin za su gamu da jinkirin. Lissafi ne da kowa zai iya bi da kalkuleta. Shi ya sa masu aikin suke tambayar wani abu dabam: wane lokaci ne tambaya 90 cikin 100, ko 99 cikin 100, ba sa wucewa?

StatsD tana ba da wannan amsa, kuma daidai take ba da ita, domin duk lokutan suna hannunta ɗaya bayan ɗaya. Duk sakan 10 takan jera su ta fitar da iyakar kashi 90, sannan ta zubar da ɗanyen bayanin. A nan gizo ke saƙa. Irin wannan adadi ba ya taruwa kuma ba ya rabuwa. Idan kana da StatsD biyu, ɗaya ta ga tambaya 900 ta ce milisakan 100, ɗayar ta ga tambaya 100 ta ce sakan 3, babu wata dabarar da za ta fitar maka da iyakar kashi 90 ta tambayoyi dubun daga lambobin nan biyu. Haka ma idan shugaba ya ce a gaya masa yadda makon jiya ya kasance: abin da ke ma'ajiya dubban ƙananan amsoshi ne na sakan goma-goma, kuma matsakaicinsu lamba ce kawai mai kama da gaskiya. Na sha ganin an ɗora ta a rahoto an yi tafi.

Prometheus ya bi ta wata hanya. Manhaja takan jera kwanuka, kowane da iyakarsa: na waɗanda ba su wuce milisakan 5 ba, na 10, na 25, haka har zuwa sakan 10. A ɗakin karatunsa na harshen Go, iyakokin da ake samu a shirye guda 11 ne, sai kwano na ƙarshe da ke karɓar kowa. Kowace tambaya ta ƙare, a ƙara ɗaya a kwanukan da ta dace da su. Tunda abin da ke ciki ƙidaya ce zalla, ana iya zuba kwanon wannan saba a na waccan, a haɗa na Litinin da na Talata, sannan a nemi iyakar kashi 99 daga jimillar. Farashin shi ne amsar kintace ce. Idan iyakar ta faɗa tsakanin kwanon sakan 1 da na sakan 2.5, Prometheus zai ja layi a tsakani ya yi hasashe. Wanda kuma bai zauna ya zaɓi iyakokin da suka dace da manhajarsa ba, zai iya tarar da duk tambayoyinsa sun taru a kwano ɗaya, zanen ya zama ado. Duk da haka, tsakanin amsa madaidaiciya da ba ta haɗuwa da kintacen da ke haɗuwa, ni na biyun nake ɗauka duk ranar da sabobina suka wuce ɗaya. Idan kuma akwai alkawarin da aka yi wa abokan ciniki, a ce rabin sakan, to a dasa iyakar kwano daidai wurin, sai maganar kintace ta kau: ƙidayar waɗanda suka cika alkawari za ta fito ba ragi ba ƙari.

Akwai ciwon da babu ɗayansu da ke maganinsa, kuma ya fi tsanani a ƙofofin da aka gina da GraphQL, harshen tambayar da Facebook ya ƙirƙira a 2012 ya sake shi a 2015. A tsohon salo kowace irin tambaya tana da adireshinta, don haka mai awo yana gane ta tun daga bakin ƙofa. A GraphQL adireshi ɗaya ne, galibi /graphql, kowa ta nan yake shiga. Mai neman sunansa kawai da mai neman tarihin cinikin shekara guda duk layi ɗaya suke bi, kuma idan ka auna su tare ka auna nauyin kaza da na raƙumi ka raba biyu. Sannan sabobin GraphQL da yawa kan mayar da lambar 200, alamar "komai lafiya", ko da tambayar ta gaza. Kuskuren yana can cikin jikin amsar, a wani sashe mai suna errors. Mai ƙirga kurakurai ta lambar amsa zai ga allonsa fes alhali gida na ci da wuta. Ko aike kake yi ko zuwa da kai, dole awon ya shiga ciki: a ware kowace tambaya da sunan aikinta, a buɗe amsar a duba, a kuma ƙirga sau nawa tambaya ɗaya ta taɓa rumbun bayanai. Na ƙarshen nan ne ke tona asirin sanannen ciwon nan inda jerin kaya 50 ke jawo tafiya 51 zuwa rumbu, ɗaya don jerin, hamsin don sunan mai kowane kaya.

Wurin warewar nan ma akwai tarko. Asalin StatsD da Graphite suna cusa komai ne cikin suna mai ɗige-ɗige, kuma Graphite yana buɗe wa kowane suna fayil nasa a faifai. Daga baya ne aka ƙara musu laƙabi, kamar yadda Datadog ya yi a nasa samfurin. Prometheus tun farko da laƙabi ya zo, kana iya cewa a ware maka ta aiki, ta saba, ko ta sakamako. Amma kowane sabon haɗin laƙabi sabon jeri ne da zai riƙe a ƙwaƙwalwa. Awon jinkiri ɗaya mai kwanuka 12, da jimilla da ƙidaya, jeri 14 ne. Ayyuka 50 a kan sabobi 10 sun zama jeri 7,000, wanda ba komai ba ne. Ranar da wani ya ga dama ya sa lambar abokin ciniki a matsayin laƙabi, sai a ninka wannan da yawan abokan cinikin. A GraphQL kuma ba sai ɗan gida ya yi wannan ganganci ba, domin sunan aikin daga wayar mai tambaya yake zuwa. Wani can da bai san ka ba yana iya aiko sabon suna a kowace tambaya har ya durƙusar da mai awonka. Maganin shi ne a riƙe jerin sunayen da aka sani, sauran duk a zuba su a kwando ɗaya.

Yanzu sai in faɗi inda mai zagayawa yake shan kaye, domin wuraren suna da yawa. Ba ya iya karanta mitar gidan da aka gina aka rushe kafin ya iso. Aikin dare da ke tashi ya yi sakan biyar ya mutu, ko ɗan aikin da ke gudana a AWS Lambda, ba su da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Masu Prometheus sun tanadi Pushgateway domin irin ayyukan dare, wato akwatin da za a jefa saƙo shi kuma ya zo ya ɗauka, amma su da kansu suna gargaɗin kada a mayar da shi hanyar kowa da kowa: akwatin ba ya mantuwa, zai ci gaba da nuna adadin ƙarshe har sai an goge, kuma up ɗin da za ka gani na akwatin ne. Manhajar PHP, ko ta Python da ke gudana a ma'aikata da yawa ƙarƙashin Gunicorn, sai an nema musu wurin tara ƙidaya na haɗin gwiwa, in ba haka ba kowane zuwa wani ma'aikaci dabam ne zai amsa da nasa lissafin.

Babbar kasawarsa kuwa ita ce wadda ta fi shafar mu a nan. Na'urar da ke hawa intanet ta layin waya, kamar injin POS a rumfar kasuwa ko wayar da ke aljihun abokin ciniki, galibi ba ta da adireshin kanta da za a same ta daga waje, domin kamfanin sadarwa yakan tara na'urori da yawa a bayan adireshi ɗaya. Tana iya fita ta yi magana, amma ba a iya shigo mata. Kuma a wurinta ne ainihin jinkirin yake. Sabarka da ke wata cibiya a Turai za ta rantse ta amsa cikin milisakan 80, ta kuma yi gaskiya, alhali mai shago a Kantin Kwari ya tsaya yana kallon ɗan da'irar nan tana juyawa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Babu mai ba da wannan labari sai wayar da kanta, kuma aike kaɗai za ta iya.

Shi ya sa a 'yan shekarun nan katangar da ke tsakanin gidajen biyu take ta zaizayewa. OpenTelemetry, wanda aka samar a 2019 daga haɗewar OpenTracing da OpenCensus, ya fi karkata ga aike, amma aike mai laƙabi da kwanuka, wanda kuma ake jiran a ce ya iso. Prometheus na 3.0 da ya fito a ƙarshen 2024 yana karɓar irin wannan saƙo kai-tsaye. Da yawa kuma kan ajiye ƙaramin mai zagayawa a cikin kowace cibiya, ya bi sabobin da ke kusa da shi, sannan ya tura abin da ya tara zuwa babbar ma'ajiya a nesa. Ga ƙofar tambaya da ke zaune daram dare da rana, ni dai ina tare da mai zagayawa, saboda littafinsa da kwanukansa. Ga duk abin da ke da gajeren rai ko yake bayan katangar da ba a shiga, ba na jayayya da mai aike.

Mu a wancan kamfani ba mu tumɓuke StatsD ba, domin layukanta sun bazu ko'ina cikin tsohuwar manhajar, kuma ba mu da hannun da zai bi su ɗaya-ɗaya. Mun sa wata 'yar gada mai suna statsd_exporter, wadda ke karɓar saƙonnin yadda aka saba ta jera su a shafin da Prometheus zai kwafa. Da muka lura cewa up ɗin gadar lafiyar gadar kawai yake faɗa, sai muka ƙara wani ɗan leƙe da ke aika wa ƙofar tambaya ta gaske duk rabin minti, ya buɗe amsar ya tabbatar babu errors a ciki.

Ana cikin haka sai yaron nan mai tsaron dare ya jefo tambayar da ta sa ɗakin ya yi tsit.

"Oga, to idan shi Prometheus ɗin ne ya mutu fa? Wa zai rubuta masa sifili?"

Amsar da masu aikin suka daɗe da samowa ta ba ni dariya. Ana ɗaura wata ƙararrawa da aka shirya ta yadda kullum tana kaɗawa, a riƙa tura ta zuwa wata na'ura da ke wajen cibiyar gaba ɗaya. Ita waccan ba ta yin komai muddin saƙon yana zuwa. Ranar da ya yanke ne take buga waya. Muka haɗa ta a yammacin ranar, muka kashe Prometheus da gangan don gwaji, muka ajiye wayar a tsakiyar tebur muna kallonta. Bayan 'yan mintuna ta fara ruri.